Qin ɗin da Shao Deming ya shafe

Tsumman ya kai tsakiyar allon ke nan, hannunsa ya tsaya kamar yadda ya saba. Kowace safiya kafin ɗalibai su iso, Shao Deming yakan wanke hannu, ya goge qin ɗin, abin kiɗan mutanen China mai kama da dogon allo, daga kai zuwa wutsiya, ya bi tsirkiyoyinta bakwai ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowace safiya, in tsumman ya zame a kan baƙin fentin nan mai sheƙi kamar ruwan rijiya, sai hannun nasa ya dakata.

Shekara talatin yana koyar da kiɗan qin a wani ɗaki bayan makarantar unguwa a Yangzhou. Ɗalibansa 'yan mata ne 'yan makaranta da tsofaffin da suka ajiye aiki. Mutane suna cewa ba don shi ba da kiɗan ya mutu a unguwar. In an faɗa a gabansa, sai ya sunkuyar da kai.

Yana da shekara ashirin da biyu, yana fentin akwatuna a masana'anta, Malam Luan ya karɓe shi ɗalibi. Qin ɗin malamin ta haura shekara ɗari huɗu, jikinta duk tsaga ce sirara a jere, irin wadda masana ke kira cikin maciji. Fenti ba ya yin wannan tsagar sai ya ga ƙarnuka, kuma ita ce darajar abin. Deming bai sani ba. A masana'antarsu tsaga aibi ce, wanda ya bar ta ya sha faɗa. Da malam ya kwanta asibiti wata biyu, sai ya ɗauki qin ɗin, ya kankare ta tas, ya shafa mata sabon fenti sau bakwai, yana ta murnar kyautar da zai tare shi da ita.

Malam Luan ya dawo, ya ɗora tafinsa a kai, ya daɗe. Ya ce aikin ya yi tsabta, sannan ya nemi shayi. Bai sake zancen ba har ya rasu ya bar masa ita.

In ɗalibai suka tambaya ina tsagar da suke gani a littafi, Deming yakan ce shi ya shafe ta a shekarun rikici, lokacin da ake ta lalata kayan tarihi a ƙasar, don kada a gane tsohuwa ce a ƙona ta. Ƙaryar ta daɗe a bakinsa har ta yi santsi kamar fentin.

Ran nan, ɗalibai sun zauna ke nan, sai ga Luan Peizhen, 'yar malamin, tana dogara sanda. Jikarta ta shiga ajin makon da ya wuce.

"Ɗan fenti, har yanzu ba ka cin abinci? Ka koma tsinken cin shinkafa."

"Yaya, da kin aiko ai da na zo."

Ta zauna, ta yi ƙorafin matakala da gwiwarta, ta ce shayinsa har yau ruwan wanki ne. Sannan ta zaro hoto daga jaka ta kife shi a kan tebur. Ya ɗaga gefensa. Ranar aurenta ce: malam a zaune, qin a gabansa, tsagar nan a fili kamar zanen tafin hannu. An rubuta shekarar a ƙasa. An ɗauke shi shekara uku bayan rikicin ya ƙare.

Ta rage murya. "Ban zo tona ka ba. Amma yarinyar nan ta dawo gida tana ba ni labarin jarumin da ya ceci kayan babana. Saura kaɗan shinkafa ta shaƙe ni."

Hoton yana kife, zai iya tura shi ƙarƙashin littafi, ya kuma san ba za ta ce komai ba, 'yar ubanta ce. Wannan shirun ne ya gaji da ɗauka.

Ya juya hoton, ya miƙa wa ɗalibar farkon layi ya ce a zagaya da shi. Ya faɗa musu duka, asibitin, wuƙar kankara, fentin nan sau bakwai, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce babu wanda ya zo ƙona komai. Shi ne ya ga shekara ɗari huɗu ya ɗauka datti ne.

Can jikar Peizhen ta tambaya ko sautin ya canja.

"Ban sani ba," in ji shi. "Lokacin kunnena bai buɗe ba. Wanda ya sani kuma bai faɗa ba."

"Ya canja," in ji Peizhen. "Baba ya ce ta koma kamar mai magana da mura. Ya hana mu gaya maka, wai za ka daina zuwa."

Deming ya ninke tsumman gida huɗu, ya ajiye kusa da qin ɗin. Ya ce su ci gaba da duban hoton, su ƙirga layin tsagar in za su iya, shi zai je ya sake ruwan shayi. Ya ɗauki butar, ko da yake a cike take, ya fita.