Lemun Timiya Cikin Rigar Sukari

Shekarar da na yi wa mijina alewar lemu, shekararmu tara da aure, kuma wata goma sha shida ke nan rabonsa da ya zauna ya ci abinci a ɗakina. Yana koyarwa a lakwal a Belbeji, ni kuwa ina Tanut a gidansu, ina ɗinki ina kula da Inna, mahaifiyarsa da ƙafafu suka ƙi. A da duk ƙarshen wata yake zuwa. Daga baya ya koma sai an yi konje, wato hutun makaranta, in ma ya zo a zaure yake yini da abokansa, a kai masa abinci can. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa rage mini hatsi ko sabulu ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, irin wadda ake yi wa matar maƙwabci.

Na san dalili, don ni na jawo. Ɗiyarmu guda ɗaya, mai shekara biyu, zazzaɓi ya kama ta da kaka, mako biyu da komawa lakwal. Aka kira shi, bai samu mota ba, ya ari babur, babur ya lalace masa a daji. Bai iso ba sai washegari da la'asar, an riga an kai ta. Ina zaune cikin mata masu gaisuwa ya shigo, sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ku matsa, malamin 'ya'yan mutane ya iso."

Ya tsaya a tsakar gida, ya dube ni, ya juya ya fita. Sai bayan kwana biyu, da nake wanke wandonsa, na ga inda salansar babur ta ƙone shi har ta ci fatar ƙwauri, na kuma ji daga bakin ƙanensa cewa tura babur ɗin ya yi ta yi cikin yashi har ya kai wani ƙauye. Ina da baki, kowa a unguwarmu ya sani, tun ina yarinya ake cewa harshena ya fi almakashina kaifi. Amma wannan karon na san na yanka inda ba ya ɗinkuwa.

Abin da nake so a duniya shi ne in ce masa ya yafe mini, ya kuma yafe. Kalma uku ce ko huɗu, amma na kasa. In ya zo sai in shirya ta tun daga madafa, in ɗauko ruwan wankansa, in na iso gabansa sai in ji na ce ruwa ya yi zafi, ko in tambaye shi ya hanya. A salula kuwa ya fi muni, don yana gama tambayar jikin Inna sai ya ce to madalla, ya kashe. Na tsani kaina a watannin nan, na tsani shirunsa, wani lokaci har Inna nake jin haushi don ta ga komai ba ta ce komai ba.

Akwai wata ungozoma 'yar Damagaram da ke haya a gidan da ke jikin namu, tana kawo mini ɗinki. Ita ce wata rana, ina gwada mata riga, ta ce saura kwana huɗu ranar masoya, me na tanadar wa Mushe, wato mijina, don haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu. Na yi dariya na ce mu nan ranar masoya ita ce ranar da aka yi ruwan shuka. Ba ta kula ni ba, ta ciro salularta ta nuna mini wata mata a wata ƙasa tana soke 'ya'yan itace a tsinke, tana tsoma su cikin narkakken sukari, su fito suna ƙyalli kamar an sa su cikin kwalba. Matar ta ciza, muka ji ƙaras. Ba mu jin yarenta, ni da ungozomar duka, hannunta kawai muke kallo. A ƙarshe ta jera su a faranti ta sa a firigo.

Na ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Amma da ta tafi na kasa taka keke. Mijina mutum ne mai son zaƙi, shayinsa ma sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Kuma lokacin lemun Timiya ne, motocin da ke saukowa daga Agadas suna zubar da shi a tasha, ƙanana masu saurin ɓarewa, shi kuwa ba abin da yake so kamarsu. Na ce a raina, abin da baki ya kasa faɗa bari hannu ya gwada. Shi mai karatu ne, ya san ranar, zai gane.

Kwana biyu na yi ina ɓarnar sukari. Karon farko na yi ta juyawa da muciya, don ni a duniyata ba a ɗora abu a wuta a zuba masa ido, sai ya dunƙule ya koma gari-gari. Karo na biyu na bar shi ya wuce, ya yi baƙi, gidan ya cika da ƙauri har Inna ta tambaya daga ɗaki ko gobara ake. Na ce mata magani nake haɗawa na tari. Na zagi tukunya, na zagi gawayi, na zagi matar cikin salula da duk danginta. Sai a rana ta uku da hantsi na gane: a rage wuta, a cire hannu, a jira har kumfar ta yi ƙanana, a ɗiga cikin ruwan randa, in ya daskare ya karye a haƙori to ya yi. Na jiƙa zoɓo na tace na zuba a madadin ruwa don ya yi ja, tun da na ga komai na wannan rana ja ne.

Na ɓare lemu, na cire zaren jikin kowane ɓari da allura, na shanya su a faifai har suka bushe a sama. Na fere tsinkayen kaba guda bakwai, na yi musu tsini, kowanne na soka ɓari uku. Da na tsoma na farko na ɗaga shi sama, rana ta ratsa shi, ja garau da lemun a ciki, sai na ji hawaye. Rabona da in yi abu mai kyau don wani tun kafin rasuwar. Na ɗanɗana wani ɓari da ya karye, ya yi ƙaras ɗin nan, ruwan lemu ya biyo baya. Na kai wa Inna ragowar, ta tsotsa ta ce wannan maganin tari ya fi na likita.

Saura aikawa. Matar ta sa nata a firigo, ke nan abin yana son sanyi. Belbeji kuwa tafiyar yini ce a motar kasuwa, cikin rana, tsakanin buhuna da awaki. To mu a Damargu mun san yadda ake sanyaya abu ba da kuran ba, wato wutar lantarki. Jarkar ruwa buhu ake ɗinka mata a jiƙa, goro a jiƙaƙƙen tsumma yake kwana, kayan miya ma haka. Ban ko yi shawara da kowa ba, don me zan tambayi abin da kowace mace ta sani? Na yanko sabon farin alawayyo daga kayan ɗinkina, don shi ne mafi tsabta da nake da shi, na jiƙa na matse, na shimfiɗa a cikin samira, na jera tsinkayen, na rufa musu sauran ƙyallen.

Direban motar dattijo ne, abokin marigayi surukina, Baba nake ce masa. Na ba shi samirar da gorar ruwa, na roƙe shi in sun tsaya a hanya ya buɗe ya yayyafa, kada ƙyallen ya bushe. Ya tambaya ko da saƙon baki. Nan ma kalmomin suka zo har maƙogwaro, amma yaya zan faɗa wa sa'an uba irin wannan magana a tsakiyar tasha? Na ce ya ce daga gida, shi ke nan.

Ranar na yini da salula a cinya ina ɗinki, na ɗinke hannun riga a baibai sau biyu. Ba ta yi ƙara ba. Washegari ma shiru. Na ce ko ya ji kunya ne, ko yana neman abin da zai ce, don shi ma ba gwanin magana ba ne. Ungozoma ta leƙo ta tambaya, na ce mata ya ji daɗi ƙwarai.

A rana ta uku Baba ya yi sallama da azahar, ya miƙo mini samirar. An wanke ta da toka har fentin ciki ya kankare, babu ƙyallen, babu komai a ciki. A wurinmu ba a mayar da kwano haka, ko ƙwayar dabino ce sai an jefa. Ya ƙi zama, yana ta kallon ƙafarsa. Da na matsa masa sai ya ce shi dai ya cika amana, sau uku ya yayyafa ruwa, a Sabon Kafi da wasu wurare biyu. Amma tun a tsayawa ta biyu ya ga abin ya fara jiƙewa, da suka isa kuwa ba sauran ƙyalli. Mushe ya buɗe a gabansa, a ƙofar ɗakinsa. Abin da ke ciki farin ƙyalle ne irin na likkafani ya rine da ja, ga tsinkaye bakwai masu tsini, ga wasu abubuwa kamar tsoka suna iyo cikin jan ruwa mai yauƙi.

Ya ce Mushe ya daɗe yana kallo. Sannan ya rufe, ya je ya kira limamin unguwar. Suka haƙa rami a bayan katangar lakwal, liman ya yi addu'a, suka juye suka binne, har ƙyallen.

"Ɗiyata," in ji Baba, "ni ban ce komai ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Amma in wani ne ya ba ki shawarar nan, ki rabu da shi."

Na so in yi dariya, na so in kurma ihu, ban yi ko ɗaya ba. Na shiga madafa na ɗauko ɗan guntun da ya manne a faifai tun ranar, wanda na manta da shi a sarari cikin iska. Yana nan garau, da ƙarfinsa. Na ɗiga masa ruwa a tafin hannuna, ina kallo ya narke ya zama ja. Da na bar su a bushe cikin samira, da sun isa lafiya.

Ba narkewar ce ta kashe ni ba. Mutumin da na haifa wa ɗiya, wanda ya san yadda nake tsoron ko allurar likita, ya buɗe kwanona ya ga abin da bai gane ba, kuma abin da ya fara zuwa ransa shi ne na je wurin boka. Bai kira ya tambaye ni mene ne wannan ba. Sai ya kira liman. A nan na gane nisan da ke tsakaninmu ya wuce na Tanut da Belbeji, kuma ni na haƙa shi da bakina.

Bayan la'asar ya kira. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na shirya zan faɗa masa komai, lemun, zoɓon, matar cikin salula, tukunya biyu da na ƙona, daga nan in wuce zuwa maganar da ta fi wannan. Ya tambayi jikin Inna. Sannan ya ce, da murya mai taushi da rabona da jin ta tun kafin rasuwar:

"Saƙo ya iso. Ba zan tambaye ki wa ya ba ki ba, ba na son in sani. Na san kina cikin damuwa, kuma damuwa tana kai mutum inda bai zata ba."

Na ce, "Malam, lemu ne. Lemu da sukari."

"To," ya ce. Irin to ɗin da yake ce wa yaran ajinsa in sun ce akuya ta cinye littafi. "Ya wuce. Kada Inna ta ji. Ki yi istigfari, ni dai a wurina na yafe miki, duniya da lahira."

Wata goma sha shida ina jiran kalmar nan daga bakinsa. Ga ta ta zo, cikakkiya, da zuciya ɗaya, a kan abin da ban aikata ba. Wanda na aikata kuwa yana nan inda yake, ba wanda ya taɓa shi. Na ga in na ci gaba da rantsuwa cewa lemu ne, zai janye muryar nan ya koma gaisuwar maƙwabta, kuma ban san ko zan sake jin ta ba. In na karɓa, na amsa har abada cewa ni mace ce da ta yi wa mijinta asiri.

Yana jira a can, ina jin hayaniyar yara a bayansa. Na share fuskata da bakin zane.

"Na gode, Malam," na ce. "Ba zan ƙara ba."