Gorar Inna Ta Je Teku

Lugbe

Tun kafin kiran assalatu muka hallara a bakin titin Lugbe, mu 'yan kasuwar da aka lallaɓa da sunan yawon buɗe ido zuwa Gana. An yi mana alkawarin mota mai sanyi, kuma ba a yi ƙarya ba, domin tagar baya ba ta rufuwa.

Yawancinmu hoto suka fito nema. Ni aike ne ya fito da ni. Marigayi mahaifinmu ya yi fataucin goro a can, ya dawo yana cewa ruwan teku gishiri ne zalla. Inna ta ƙaryata shi har ya koma ga Allah, don a ganinta ba mai barin gishiri haka a banza. Yanzu ga tsufa, ido ya tafi, sai ta miƙo mini gorar roba ta ce, "Sani, ɗebo mini in ɗanɗana, in san ko na ɗauki alhakin Malam."

Badagry

Mun kwana a Legas, a masaukin da sauro ya riga mu kama ɗaki. Washegari sai Badagry, aka tsayar da mu gaban wani tsohon bene. Jagorarmu Madam Rahila tana da usur a wuya kamar alƙalin wasa.

"Oga, wannan gida ta tsufa sosai. Ku ɗauki hoto, oya mu tafi!"

Na ce, "Madam, teku fa?"

"Teku yana gaba, ba zai gudu ba."

Shingayen hanya kuwa ba a magana. A kowanne sai an sauke mu an ƙare wa fuskokinmu kallo, ko mun sake su a mota.

Elmina

A tsohon ginin Turawa na bakin teku, inda aka tsare bayi, aka shigar da mu wani kurkuku. Ɗaki ne a ƙasa, ba iska, da wata siririyar ƙofa da wanda ya bi ta bai sake ganin gida ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Alhaji Sabitu kuwa, maƙwabcin shagona, ƙwanƙwasa bango yake yana cewa, "Kai, a ce a Abuja filin nan yake!"

Madam na hura usur na ruga bakin ruwa. Na durƙusa da ladabi, igiyar ruwa ta yi mini maraba, ta kwashe ni ta shimfiɗe. Na tashi sharkaf, amma gora ta cika. Jama'a dai sun samu hoton da suka fi so a duk tafiyar. Na matse hulata na cusa a jaka.

Yangoji

Na rungumo gorar nan ta duk shingayen da muka baro. Sai a Yangoji, ana hango gida, aka tsaya sallar la'asar ina gyangyaɗi. Ihun Alhaji ne ya tashe ni. Yana tsugune da gorata a hannu yana tofar da ruwa.

"Wane marar imani ya jiƙa gishiri a ruwan alwala?"

Kafin in diro ya juye gorar a ƙasa, har da ɗauraye mini ita, don taimako.

"Alhaji, teku ka zubar!"

"To me ya hana ka faɗa? Ka sayi gishiri ka kaɗa mana, ina tsohuwa za ta sani?"

Na karɓe gorata. Matar da ke son wanke mijinta daga ƙarya, ba zan kai mata ƙarya a gora ba.

Gida

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, amma da nauyin ƙafa na shiga ɗakin Inna. Na gaya mata komai. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina zazzage jaka hular ta faɗo, ta bushe ƙamas, da fari-fari a bakinta. Na sa mata a hannu na ce tana kaina teku ya kayar da ni.

"Ba dai gumin kanka ba ne?"

"Sabuwa ce, Inna, ranar na fara sa ta."

Ta shafa, ta kai harshe. Sannan ta ce a hankali, "Ashe gaskiya ya faɗa. Malam, ka yafe ni."

Hular tana ƙarƙashin matashinta, ta hana a wanke.