Sunayen da Suka Hau Bango

Akwai wani yini a shekarun babban fari da ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Ba yunwar ce ta sa ba, ko da yake ita ma ta bar mana tabo. Silima ce aka nuna mana.

Lokacin ina ƙauyenmu, a gefen Hamdara. Damina biyu a jere ba mu cire komai a gona ba. Kamyo, wato babbar mota, na kawo taimakon dawa, ana kiran kowane magidanci daga takarda, kuma an ja mana kunne cewa duk wanda aka samu da hatsi a ɓoye za a soke sunansa. Ni kuwa ina da tulu guda cike da irin gero, na binne shi ƙarƙashin gadon matata. Idan aka soke ni, dole mu ci irin nan, idan kuma muka ci shi, ba abin shukawa.

Mutum ɗaya nake jin ya lura, taubashina, wanda danga ɗaya ta raba gidajenmu. Ya taɓa leƙo ɗakin ya ce, "Bawana, ƙamshin gero nake ji a nan, ko yunwa ce ta lalata mini hanci?" Muka yi dariya, ya wuce.

Wata rana bayan azahar mota ta zo daga Damagaram da mutum biyu da inji. Suka tara mu a mangazar gyaɗa, wadda ta daɗe ba ko buhu ɗaya a cikinta, suka toshe tagogi da tabarmi, suka haska bango. Waɗanda suka taɓa shiga silima a birni suka ce yau za mu ga dambe da harbe-harbe. Sai ga wani talaka a jikin bangon da matarsa da 'ya'yansu, a wata ƙasa da ba mu sani ba. Matar ta wanke tukunyar da ba a dafa komai a ciki ba. Mijin ya fita, ya dubi sama, ya dawo ya zauna. Ba mai kuka, ba mai faɗa, magana ma sai jefi-jefi.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "An tara mu da yunwa don a nuna mana yunwa? Da sun tambaya, da na kai su gidana sun kalla ba inji."

Ana cikin dariya sai mutumin bangon ya janye gado, ya tona ƙasa da hannu, ya fito da tulu, ya shafa irin da ke ciki, ya mayar. Mangaza ta yi tsit. Na saci kallon taubashina, na iske shi ma ni yake kallo. A bakin ƙofa kuma ɗaya daga cikin baƙin yana tsaye da littafi, yana duban fuskokinmu yana rubutu.

Da hoton ya ƙare, farin rubutu ya fara hawa bango layi-layi. Wani dattijo ya tambayi malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira Mushe, "Mushe, me aka rubuta?"

Ya ce, "Sunaye ne, Baba."

Bai rufe baki ba mutane suka watse. Yana ɗaga hannu zai ƙara bayani, ba wanda ya tsaya. Mu dai jerin sunaye iri ɗaya muka sani, na takardar dawa.

Ban yi shakkar wanda ya kai ni ƙara ba. A ranar na tone tulun a gaggauce, na binne shi a turken awaki. Na daina gaisawa da taubashina, shi ma ya daina tsokanata, na ce kunyar abin da ya yi ce ta kama shi. Kamyo ya dawo, aka kira sunana kamar kullum, amma na ce tarko ne, jira suke.

Da ruwan shuka ya sauka na tono tulun, na tarar ya tsage a wajen gaggawar nan, gara ta cinye fiye da rabi. Na fita gona da ɗan abin da ya rage, sai ga garin kakaf a waje, kowa da ƙwaryar iri, har waɗanda suka yi ta rantsuwa ba su da ƙwaya ɗaya.

Taubashina ya tsallako iyaka, ya leƙa ƙwaryata, ya zuba mini daga tasa. Ya ce, "Nawa ma a ƙarƙashin gado yake. Ka hana ni barci wata uku, na ɗauka kai ka faɗa musu."

Na ce, "To, ƙamshin da ka ce ka ji fa?"

"A rigata yake, bawana."

Sai bara, a ajin karatun manya a nan Damagaram, na ba malaminmu labarin. Ya ce ai sunayen waɗanda suka shirya silimar ne, haka ake yi a ƙarshen kowace. Mai littafin kuwa, wataƙila so yake ya ga ko abin ya taɓa mu.

Ya taɓa mu kam. An nuna mana halin da dukanmu muke ciki, kowa ya ɗauka asirinsa shi kaɗai aka tona. Tun daga nan, idan zuciyata ta fara zargin mutum, nakan tuna rabin tulun da gara ta ci, in tashi in je in tambaye shi. Rubutu kuma, ko da da ƙyar nake haɗa baƙaƙe, sai na tsaya na karanta shi har ƙarshe.