Cakulan da Hilario Ya Sani

Doña Eufrosina maƙwabciyata ce a nan garin Zaachila, katanga ɗaya ta raba mu. Tun tana budurwa sana'arta haɗa cakulan na sha. Ta soya ƙwayar koko a kasko, ta ɓare, ta niƙa a dutsen da aka sa wa garwashi a ƙasa, ta zuba kirfa da sukari. Ba ta taɓa awo ba, harshenta ne mudunta. Biki ko rasuwa, ita ake jira.

Bara zazzaɓi ya ɗauke mijinta Hilario. Ita ma ya kwantar da ita, ta tashi, amma ƙamshi da ɗanɗano suka bar ta. Gishiri da sukari duk ɗaya ne a bakinta.

Da ranar da matattu ke ziyartar gida duk shekara ta matso, ta kira ni ta kan katanga. Ƙamshi matattu ke bi su gane gida, wannan kuwa shi ne zuwan Hilario na farko.

"Casilda, 'yar uwa, zo ki ara min bakinki. Kin fi kowa shan cakulan ɗina a banza, yau za ki biya."

Na tarar ta tsugunna gaban kasko, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta niƙa, ta dama da ruwan zafi, ta murza maburgi har kumfa ta cika ƙwarya. Na kurɓa.

"Da daɗi," na ce.

"Ba daɗi na tambaye ki ba. Shi ne wanda Hilario ya sani?"

Ba shi ba ne. Ta ƙara kirfa. Ta rage sukari. Ta sake suya, ta sake, tafin hannunta duk ya yi kanta, koko kuma saura tafi biyu a kwando.

"Zai zo ƙofa ya shinshina ya wuce," ta ce. "Ya je gidan wa? Uwarsa ba ta nan. Sai ya yi ta yawo a titi kamar kare."

Ana haka ƙararrawar coci ta buga sha biyun rana. Ba ta motsa ba. A nan na tuna, shekara da shekaru in ta buga, Eufrosina takan bar kasko a wuta ta juya ta yi addu'a, ni kuma ƙauri ya tsallako min katanga. Hilario ya yi ta tsiya: "Waliyiya ta sake ƙona mana!" Ya shanye ya miƙo ƙwarya.

"Kin daina ƙonawa ne," na ce. "Zuba sauran, ki juya baya."

"Shi ke nan fa, Casilda. Babu wani."

Ta zuba. Ta juya, tana addu'a. Ƙauri ya tashi, ba ta sani ba sai da na taɓa ta. Ta niƙa, ta dama.

Na kurɓa. Na gyaɗa kai.

Ta riƙe min wuyan hannu. "Rantse da Uwar Yesu."

Na rantse. Ta kurɓa ita ma, ta daɗe da shi a baki, a wurinta ruwan zafi ne kawai. Ta ajiye ƙwaryar gaban hotonsa, ta je ta buɗe ƙofa.