Littattafai Huɗu a Adakar Inna

Shekarar da aka rufe jami'a wata da watanni, na kwashi matata da yara muka koma ƙauyenmu, tsakanin Makoda da Ɗambatta. Albashi ya tsaya, a gida kuwa ko ba komai akwai gero a rumbu.

Lokacin ban zama farfesa ba. Ƙaramin malami ne ni a sashen fiziks, na dawo daga Turai da digirin dakta a kan 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke cikin ƙwayar zarra. Can da injina masu girman unguwa ake bincikensu. Nan ko wutar lantarki sai ta ga dama. Alƙalami da takarda suka rage mini, da su na kama aiki. Shekara shida ina kan lissafi ɗaya, na cika littattafai huɗu da shuɗiyar tawada, don ni mutum ne mai iyayi, ba na rubutu da biro. Tsohon malamina na Turai ya aiko da wasiƙa cewa in na kammala na tura masa kafin kaka, akwai gurbin shekara guda a wurinsu. Kwafi kuwa ba ni da shi.

Ɗakin Inna ne kaɗai ba ya yoyo, sai na sa littattafan a adakarta, ƙarƙashin gado. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ni ne ɗanta na fari, Inna kuwa mutumiyar zamanin da ce: ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana sai ta faɗa wa bango ko tukunya, ni kuma in tsinta. Abu ɗaya ta sani game da aikina, wanda na taɓa gaya wa Baba tana gefe tana tankaɗe, cewa ina karatun abin da ido ba ya gani.

Baba yana kwance tun bazara, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Mun kai shi asibiti, aka rubuta magani, muka samo rabi. Liman ya yi rubutu an ba shi ya sha. Ni dai na saɓi fartanya na bi ƙanena gona, tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Kullum ina ce wa kaina in an gama maimai zan koma kan lissafi.

Ranar da aka gama, da hantsi na shiga na jawo adaka. Littafin farko bango ne kawai. Na biyu ma haka, na uku saura 'yan shafuka. Na fito na zaga bayan rumbu, sai ga takardu an shanya a jikin danga, sun yi fari fat, kowace an soke ta da tsinke don kada iska ta ɗauke.

Inna tana tsugune a bakin murhu, gefenta 'yar ƙwarya da ruwa shuɗi a ciki. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa murhun, "Na liman bai karɓe shi ba. Na ce to ga ilimi nan a ƙarƙashin gadona, na wanda ya je har bangon duniya ya nemo, har da hatimai a ciki. Ilimi ai duk na Allah ne."

Hatiman nata su ne zane-zanen da muke yi na yadda ƙwaya ke karo da ƙwaya.

Na ce, "Inna, da kin tambaye ni mana."

Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Da wane bakin?"

Nakan ji mutane suna cewa gabansu ya faɗi ko ransu ya ɓaci. Ni ban ji komai ba. Na tsaya ina kallon wata kaza tana tono a gindin turmi, har na tuna ban karya ba. Na san ko aya ɗaya babu a littattafan nan, na san tawadar ko ciwon kai ba ta magani. Ban faɗa ba.

Baba ya kira ni daga ɗaki. Ya ce, "Malam, rubutun nan naka akwai ɗaci, amma tun da aka fara ba ni nake samun barci. Ashe bokon nan bai tafi a banza ba. Allah ya yi maka albarka." Na ce amin.

Littafi na huɗu ba a taɓa shi ba, kuma a cikinsa ƙarshen lissafin yake. Da shi kaɗai, in na duƙufa, wataƙila in sake gina sauran. Na sa shi a aljihun riga, da shi nake zuwa gona, da shi nake salla. A rana ta uku Inna tana daka, ina wucewa, ta ce wa turmi, "Jiya bai runtsa ba."

Na zauna a kan tabarma na fito da littafin. Ni na riƙa yage shafukan da kaina, don ita a karkace take yagewa. Ina miƙa mata, tana tsomawa a ƙwarya.

Baba ya rasu an fara girbin gero. Na rubuta wa malamina cewa aikin bai kammalu ba, ban faɗi dalili ba. Aka buɗe jami'a na koma aji. Farfesa dai na zama daga baya, da koyarwa da 'yan ƙananan rubuce-rubuce da tsufa. Wancan lissafin na sha zama in sake shi, sai in tarar da kaina ina kallon taga.

Ranar sadakar bakwai Inna ta tara takardun duka, ta ɗaure da zare, ta ajiye a bakin ɗakina. Ta ce wa ƙyaure, "A mayar wa mai su. An gode."

Suna nan a durowar ofishina. In aka ɗaga ɗaya a rana ana ganin sawun alƙalami, amma ba ya karantuwa.