Abin da Mutinta Ta Koya wa Rariya

Shekara ashirin da uku Ba Mutinta Hamweene ta yi tana buga takardu a wata kwalejin horon malamai a garin Monze, inda ake sa "Ba" gaban sunan mutum don girmamawa, kuma ko maƙiyinta bai taɓa cewa ta yi wasa da aiki ba. Aibunta ɗaya ne, riƙo. In ka ɓata mata da damina, sai ka shirya ganin fuska a murtuke har wata daminar.

Ba Siame, mai kula da na'urar imel ta kwalejin, ya taɓa roƙon ma'aikata cewa duk wasiƙar 'yan damfara ko 'yan talla da ta tsallake rariyar da ke tace wasiƙu a na'urar, a tura ta wani adireshi, don rariyar ta koyi kama irinta. Kowa ya yi kunnen uwar shegu, ban da Mutinta. Kullum sai ta share akwatinta tas kafin ta taɓa shayi.

Ana nan mahaifiyarsu ta rasu. Ƙanenta Choolwe, mai walda a birnin Durban can ƙasar waje, bai zo ba. Kwana uku tana zaune a tabarma cikin matan makoki, kowa na tambayar ina ɗa namijin, har kunya ta koma mata ƙiyayya. Ta toshe lambarsa a waya. Da imel ɗinsa ya zo ofis, "Yaya, ki saurare ni," ko buɗewa ba ta yi ba. Ta haɗa shi da na masu tallan maganin ƙiba ta tura wa rariya. Haka ta yi da na biyu, har na goma sha ɗaya. Daga nan shiru.

"Ka ji tuban muzuru," in ji ta. "Wata biyu har ya gaji."

Sai dai jini ba ya jin magana. Bayan shekara biyu shirun ya fara cin ta, ta buɗe lambar ta kira, aka ce ba ta aiki. Ta lallaɓa ofishin Ba Siame.

"A'a, sarkin shara da kanta! Yau wa muka kama?"

"Bar wasa, Ba Siame. In mutum ya tura wa abin nan wasiƙar da ba ta banza ba fa?"

"Sau ɗaya ba komai. Sau nawa?"

Ta faɗa masa, dariyarsa ta ɗauke. "Haba Ba Mutinta! Ai na'ura ba ta san fushi ba, abin da kika koya mata shi ta riƙe. Ba ni adireshin."

Ya yi 'yan danne-danne, ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ashe Choolwe bai taɓa gajiya ba. Wasiƙa sittin da huɗu, duk rariya ta tare.

"Buɗe min su," ta ce.

"Kwana talatin take ajiyewa ta goge. Kwanan wata da kan magana kawai suka rage."

Ta bi layin da yatsa. "Yaya, ina tsare ne lokacin." "Yaya, an kwantar da ni." "Yaya, ko kalma ɗaya." Tsoro ya kama ta, ta so ta tsaya, yatsan ya ƙi. Uku na ƙarshe wata biyar ke nan da zuwansu, daga adireshinsa, kan maganarsu iri ɗaya.

"Matar Choolwe ce. Don Allah wani daga danginsa ya neme ni."