Wanzamin Gwange da Ƙullutun Duna

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a shagon da ke kallon rumfar Ba Gana wanzami a unguwar Gwange ta Maiduguri, kuma ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Aski, ƙaho, kaciya, cire beli, duk nasa ne. Amma abin da ya fi ƙauna shi ne kumburi. Idan ya hango ƙullutu a wuyan mutum, ko a sahun sallah ne, sai ya bi shi har gida. A iliminsa kumburi iri biyu ne kawai: wanda ya nuna, a yi masa sakiya yau, da wanda bai nuna ba, a yi masa jibi. Ni ma ina da tabonsa a hammata, kuma har yau ban yafe ba.

Daga mahaifinsa ya gaji zabirar. Ya aurar da 'ya'ya huɗu da ita, ya je Makka da ita. Asibiti kuwa a wurinsa gida ne na waɗanda ba su san shi ba.

A shekarar da ƙauyuka suka kwararo cikin gari, ƙanwarsa Kellu ta iso gidansa a ƙafa, da ƙullin kaya a ka da baƙin kare a baya. Mijinta Musa mafarauci ne. Ranar da mahara suka shiga ƙauyensu ya fitar da ita daji, ya ce ta yi gaba, zai koma ya koro awaki. Ya tafi da karensa, Duna. Kwana biyu bayan haka karen ya cim mata a hanya shi kaɗai, yana ɗingishi. Tun daga ranar maganarta ɗaya ce: Duna ba ya barin Musa, tunda ya taho to Musa ne ya turo shi gaba, yana nan tafe.

Ba Gana ba ya son kare ko a hoto. Ya ɗaure shi a bayan gida kusa da turken tunkiya, ya kafa doka cewa kada ya kusanci buta. Amma bai kore shi ba, domin ya lura Kellu ba ta cin abinci sai karen ya ci.

Wata takwas ana haka. Wata Laraba da safe aka wayi gari da ƙullutu a kafaɗar Duna kamar ƙwan kaza. Ran Juma'a ya kai lemo. Karen ya daina ci, ita ma ta daina.

Ba Gana ya tsaya daga nesa, hannu a baya, ya duba. Ya ce ya nuna. Na ga yatsunsa suna motsi. A rayuwarsa bai taɓa ganin kumburi mai kyau haka ba, kuma ba halin ya taɓa. Idan Gwange ta ji cewa ƙarfen da ake yi wa 'ya'yanta aiki da shi ya shiga jikin kare, to zabirar ta mutu. Ya zo shagona ya zauna.

Na ce, "Ba Gana, akwai asibitin dabbobi fa."

Ya ce, "Na shanu ne."

Na ce, "Har da karnuka."

Ya kalle ni kamar na zage shi. Washegari ya nemi mai kai su. An hana babur a gari tuntuni, masu Keke mai ƙafa uku kuma, uku ya tsayar, kowa ya leƙa ya ga fasinjan ya ja abinsa. Sai ya ari baro wurin mai gawayi, Kellu ta ɗora karen, shi kuma ya lulluɓe shi da buhu saboda kada a gane. Ya ce Kellu ta jira a gida, ni in raka shi. Na bi, don ba na so a ba ni labari.

A Maiduguri ta lokacin, dattijo mai tura baro a lulluɓe ba abin da zai iya ɓoyewa, don kowa bom yake tsoro. A shingen farko 'yan gora, matasan sa-kai masu gadin gari, suka tsayar da mu tun daga nesa, suka ce mu ɗaga hannu, shi kuma ya yaye buhun a hankali. Ya yaye. Duna ya ɗago kai ya kalli jama'a. Ɗaya daga cikinsu, wanda Ba Gana ne ya yi masa kaciya, ya ce, "Baba Alhaji, kai ne da kare?" Ba Gana ya ce, "Mara lafiya ne." Ya ninke buhun ya sa a hammata, muka wuce sauran shingaye huɗu a buɗe.

A asibitin, likitar, Dakta Florence, ta sa safar hannu ta lalluba wurin. Ta tambayi yaushe ya fito, da ko karen yana ci. Ta ce, "Baba, kun kyauta da ba ku huda ba. Wani ƙullutun kitse ne, yana da taushi, yana gudu a ƙarƙashin fata, ba gaggawa. Amma wanda ya girma cikin kwana biyu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri ya ƙi motsi, ko dabba ta bar abinci, a kawo ranar. Ido ba ya rabe su, ni ma sai na zuƙo da allura na gani." Ba Gana ya ce shi ma haka yake gaya wa mutane. Na yi tari.

Mugunya ce ta fito a allurar. Ta yi wa karen allurar barci, ta tsaga, ta wanke. Can sai ta sa ɗan hantsaki ta zaro wani abu, ta jefa a tasa, ya yi ƙara. Guntun ƙarfe ne, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce ɓantaren harsashi ne, ya daɗe a ciki, fata ta rufe a kansa, sai yanzu ya ruɓar da wurin. Ta tambaya ko an taɓa harbi kusa da karen. Ba Gana ya ɗauki ƙarfen da hannunsa, ba safa, ya sa a aljihu.

A hanyar dawowa ya tsayar da baron a bakin unguwa. Ya ce, "Ƙaya ce ta fito. Ka ji ko?" Na ce na ji. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban saba ba.

Kellu tana bakin ƙofa. Ta durƙusa ta shafa kan karen, ta duba ɗinkin, ta ce, "Yaya, me aka samu?"

Ya ce, "Ƙaya."

Mutumin da ke iya awa guda yana bayanin maruru ɗaya, kalma ɗaya ya faɗa, yana kallon tayar baro. Kellu ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ciki ta damo kunu, ta zuba wa Duna, ta tsaya har ya lashe. Ta wanke hannu, ta zauna ta sha nata.

Da ta ajiye kwanon ta ce, "Yaya, gobe ka kai ni wurin liman. Ina so in tambaye shi yadda mace ke yin takaba idan ba a ga gawa ba."